Yadda Ake Nemo Takardar Saki a Kotunan Gundumomin Amurka

A Amurka babu wani ofishi guda ɗaya da mutum zai je ya ce a duba masa ko wane ya saki wance. Gwamnatin tarayya ba ta raba aure, kuma ba ta ajiye rajistar waɗanda suka rabu. Kowace jiha da dokarta, kuma a cikin jihar, kotun gundumar da aka kai ƙarar ita ke riƙe da takardun. Gundumar ita ce abin da suke kira County, kuma sun haura dubu 3 a faɗin ƙasar. A jihar Louisiana ana ce musu Parish, a Alaska kuma Borough. Saboda haka duk aikin ya rataya ne a kan gano gunduma guda ɗaya, sannan a nemi takardar da ta dace daga hannun magatakardan kotunta.

Mutanenmu sukan buƙaci wannan takarda a lokacin da babu sararin jira. Wanda ke zaune a Bronx ko Houston ya zo gida ya yi sabon aure, yana so ya cike fom I-130 don ya ɗauko amaryarsa, hukumar shige da fice ta Amurka, wato USCIS, za ta nemi shaidar cewa duk wani aure da ya taɓa yi ya ƙare bisa doka. Haka ma mai neman bizar K-1, wato ta ɗauko wanda aka yi wa baiko, da mai neman zama ɗan ƙasa. Akwai rabon gado idan mutum ya rasu a can. Akwai matar da ta yi shekara 10 ko fiye da aure kafin a rabu, wadda dokar Social Security, tsarin fanshon gwamnatin Amurka, ke iya ba ta wani kaso na fansho bisa aikin tsohon mijinta. Sai kuma wanda ya fi damuna: waliyyin da wani mazaunin Amurka ya zo neman 'yarsa, ya ce ai shi da ta can sun daɗe da rabuwa. Aure a kan aure laifi ne a dukkan jihohin Amurka, kuma hukumar shige da fice ba ta ba matar da aka aura a kan wani auren biza. Idan auren farko yana nan a takarda, yarinyar ce za ta zauna shekara da shekaru tana jiran tafiyar da babu ita.

Da farko, san takardar da kake nema

Takardu uku ne ake kira da suna kusan ɗaya, kuma a nan mutane da yawa ke asarar kuɗi da lokaci.

Akwai hukuncin alƙali, wanda aka fi sani da "divorce decree". A New York sunansa Judgment of Divorce, a Texas Final Decree of Divorce, a Maryland Judgment of Absolute Divorce, a Kalifoniya da Illinois da Florida kuma za ka ga kalmar Dissolution of Marriage. Wannan shi ne ainihin abin. A samansa akwai sunan kotu da gunduma, sunayen miji da mata, da lambar shari'a. A ciki akwai abin da aka yanke game da riƙon yara, kuɗin ciyarwa, rabon dukiya, da ko matar ta koma sunan gidansu. A ƙarshe sa hannun alƙali da kwanan wata, da tambarin ranar da magatakarda ya shigar da shi rajista. Kotu ce kawai ke bayar da shi.

Akwai gajeriyar takardar shaida, "divorce certificate", wadda ma'aikatar lafiya ta jiha ke bayarwa ta sashen rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Shafi ɗaya ce: wane da wance sun rabu, ranar kaza, a gunduma kaza. Ba kowace jiha ke bayar da ita ba, kuma wasu ma ba takardar shaida ba ce, wasiƙar tabbatarwa ce kawai. Texas na bayar da irin wannan wasiƙa ga sakin da aka yi daga 1968, amma su da kansu sun ce ba ta maye gurbin hukuncin kotu. Kalifoniya na da bayanan 1962 zuwa watan Yunin 1984 ne kaɗai, kuma takardarsu ba ta nuna ko an kammala sakin. Jihar New York na ajiye nata tun daga 1 ga Janairun 1963.

Ta uku ita ce fayil ɗin shari'ar gaba ɗaya, tun daga takardar shigar da ƙara har ƙarshe. Wannan sai lauya, ko wanda ke ƙalubalantar yadda aka yi sakin.

Shawarata, in dai don biza ne, ko sabon aure, ko gado, ka nemi hukuncin alƙali, kuma ka ce "certified copy" kake so, wato kwafin da magatakarda ya buga wa hatimi ya sa hannu cewa daidai yake da na rajista. Gajeriyar takardar tana da amfani, amma amfaninta mafi girma shi ne ta nuna maka gundumar.

Tattara abin da ka sani kafin ka taɓa intanet

Rubuta cikakkun sunayen mutanen biyu yadda suke a takardun Amurka, ba yadda ake kiran su a gida ba. Wannan wuri ne da ya kamata a tsaya. Mutumin da kowa ya sani da Alhaji Sani yana iya zama Mohammed S. Abubakar a katin zamansa. Muhammad kaɗai ana rubuta shi Mohammed, Mohamed, Muhammed, Mahamadou. Ɗan Nijar da aka yi wa takardu da rubutun Faransanci zai zama Ousmane maimakon Usman, Aboubacar maimakon Abubakar, Aïchatou maimakon A'ishatu. Kwamfutar kotu ba ta san duk ɗaya ba ne. Sau da yawa kuma ma'aikacin da ya shigar da sunan yakan juya shi, ya mai da sunan yanka ya zama sunan iyali. Don haka ka jera duk yadda za a iya rubuta sunan, ka gwada kowanne gaba da baya. Ga matar kuma, ka riƙe sunanta na kafin aure da wanda ta ɗauka bayan aure.

Sai shekarar da ake zaton an rabu, ko da kusa-kusa ne, da ranar haihuwar kowannensu in ana da ita, da adireshin da suka zauna a lokacin. Idan akwai wata tsohuwar wasiƙar lauya ko takardar kuɗin ciyar da yara, duba kusurwar sama, lambar shari'ar na nan. A New York ana ce mata Index Number, a Texas Cause Number, a wasu wurare Case Number ko Docket Number. Wanda ke da wannan lamba ya gama rabin aiki.

A kula da kwanan wata: Amurkawa wata suke fara rubutawa. 03/04/2015 a wurinsu 4 ga Maris ne, ba 3 ga Afrilu ba.

Gano gundumar

Ba inda aka ɗaura auren ake nema ba. Galibi ana shigar da ƙarar saki ne a inda ɗaya daga cikinsu ke zaune a lokacin. A Texas sai mutum ya yi wata 6 a jihar da kwana 90 a gundumar. A Kalifoniya wata 6 a jiha, wata 3 a gunduma. Nevada kuwa mako 6 kawai take nema, shi ya sa wasu ke zuwa can. Ke nan tambayar ita ce: a wace gunduma mijin yake, a wace gunduma matar take, a shekarar da aka rabu? Ka fara da waɗannan biyun.

Sunan birni ba shi ne sunan gunduma ba. Houston na cikin Harris County, amma unguwannin gefenta sun shiga Fort Bend da Montgomery. Chicago na cikin Cook, Columbus ta Ohio na cikin Franklin. Atlanta ta ratsa Fulton da DeKalb. Birnin New York gundumomi 5 ne: Bronx, Queens, Kings wadda ita ce Brooklyn, New York County wadda ita ce Manhattan, da Richmond wato Staten Island. A Maryland, Baltimore City daban, Baltimore County daban, kowacce da kotunta. Idan kana da adireshi, rubuta shi a taswirar intanet ko ka nemi gundumar da lambar gidan wayan take ciki.

In ka san jiha amma gundumar ta ɓace maka, nan ne ofishin jiha ke shigowa. Cibiyar CDC, hukumar kula da cututtuka ta tarayya, tana da shafi mai suna Where to Write for Vital Records, wanda ya jera kowace jiha da ofishinta da shekarun da take da su. Ka nemi ofishin jihar su duba maka; in sun samu, za su faɗa maka gunduma da kwanan wata. Wasu jihohin kuma suna da shafi guda na binciken ƙararraki na jihar baki ɗaya, kamar Maryland Judiciary Case Search.

Kada ka ɓata lokaci a shafin binciken ƙararraki mai suna PACER. Na kotunan tarayya ne, babu saki a ciki.

Wane ofishi ne a cikin gundumar

Sunan ofishin na sauyawa daga jiha zuwa jiha, kuma aika takarda ofishin da ba shi ba na iya cin makonni. A Texas, District Clerk ne ke riƙe da yawancin takardun saki, alhali County Clerk shi ke da takardun aure. A New York, kotun da ke raba aure sunanta Supreme Court, duk da cewa ba ita ce kotun ƙoli ba, kuma County Clerk ne ke ajiye fayil ɗin. A Illinois da Maryland da Florida, magatakardan Circuit Court. A Kalifoniya da Georgia, Superior Court. A Ohio, Court of Common Pleas, sashen harkokin iyali. A yawancin gundumomin Pennsylvania ana kiran ma'aikacin Prothonotary. A Massachusetts, Probate and Family Court.

Idan ka rubuta sunan gunduma da "divorce records" a Google, na saman shafin galibi 'yan talla ne, kamfanonin da ke cewa za su nemo maka tarihin kowa in ka biya. Abin da suke sayarwa tattare-tattaren bayanai ne marasa hatimi, babu hukumar da za ta karɓa, kuma wasunsu za su riƙa cirar kuɗi daga katinka duk wata. Nemi shafin kotun da kansa, wanda galibi ke ƙarewa da .gov ko .us. VitalChek kamfani ne mai zaman kansa da ofisoshin jihohi da dama suka amince da shi, amma yana ɗora nasa kuɗin, kuma abin da ya fi kawowa gajeriyar takardar ce. Ka shiga wurinsa ta hanyar shafin jihar, don kada ka faɗa hannun masu kwaikwayonsa.

Karanta rajistar da kyau

Gundumomi da yawa suna barin kowa ya bincika suna kyauta. Abin da zai fito jerin layuka ne, kowanne da kwanan wata: ranar shigar da ƙara, ranar da aka kai wa ɗayan sammaci, ranakun zama, sannan layin ƙarshe. Wannan layin na ƙarshe shi ne abin dubawa. Ganin sunan mutum a rajista ba ya nufin an raba auren. Idan an rubuta Pending ko Active, shari'ar na nan ba a gama ba. Idan Dismissed ne, an kori ƙarar, ko mai ƙarar ya daina zuwa, kuma auren na nan daram. Legal Separation ma ba saki ba ne, rabuwar zama ce kawai. Abin da kake so ka gani shi ne Final Judgment ko Decree, da ranar da aka shigar. Kalmar Disposed ko Closed kaɗai ba ta isa ba, domin ƙarar da aka kora ma a rufe take.

Ranar ma tana da muhimmanci. A Massachusetts alƙali na fara ba da hukuncin da ake kira Nisi, sai bayan kwana 90 ya zama cikakke, kuma kafin nan su biyun ma'aurata ne a idon doka. A Kalifoniya aure ba ya ƙarewa sai an cika wata 6 daga ranar da aka kai sammaci, kuma hukuncin na ɗauke da ranar da auren ya ƙare. A Texas ba a yarda wanda aka raba aurensa ya auri wani ba sai bayan kwana 30, sai dai in alƙali ya ɗage. Wanda ya yi gaggawar zuwa gida ya ɗaura aure kafin waɗannan ranaku, jami'in biza zai ɗora takardun biyu gefe da gefe ya ga ranakun.

Wa ke da izinin karɓa

A jihohi da yawa hukuncin saki takarda ce ta jama'a, kowa na iya neman kwafi, sai dai a toshe lambar Social Security da bayanan banki da na yara. New York ba haka take ba. Sashe na 235 na dokarta ta harkokin iyali ya rufe fayil ɗin saki na tsawon shekara 100, ba mai gani sai mijin, matar, ko lauyoyinsu, ko wanda kotu ta ba izini. Amma wannan sashen ya bar ƙofa ɗaya: kowa na iya neman Certificate of Disposition daga County Clerk, takardar da ke faɗin yadda shari'ar ta ƙare ba tare da tona abin da ke ciki ba. Ga waliyyi mai bincike, wannan ta wadatar.

Hanya mafi sauƙi dai ita ce a ce wa mai neman auren ya kawo kwafin mai hatimi da kansa. Shi yana da cikakken izini, kuma ba wani kuɗi mai yawa ba ne. Tambayar ba cin fuska ba ce, kamar yadda ba cin fuska ba ne a binciki asalin mutum da sana'arsa. Idan ya kawo, a ɗauki lambar shari'ar a duba ta a shafin kotun.

Aika buƙatar

Wanda ke kusa ya je da kansa da katin shaida mai hoto. Sabbin shari'o'i sau da yawa a ranar ake bayarwa. Tsofaffi suna iya kasancewa a rumbun ajiya ko a kan fim, sai an jira an ɗauko.

Ta gidan waya kuwa, sauke fom ɗin kotun in akwai, ko ka rubuta gajeriyar wasiƙa da Turanci: sunayen biyu, lambar shari'a, shekara, takardar da kake so, kwafi nawa, da lambar wayarka da imel. Haɗa da kwafin fasfo ko lasin tuƙi, da kuɗin, da ambulan mai adireshinka da kan sarki a jiki. Kotuna da yawa ba sa karɓar cakin mutum, sai money order, wato takardar kuɗi da ake saya a gidan waya ko banki, kuma ba a saka tsabar kuɗi a ambulan. Kuɗin yakan kasu ne: na kowane shafi, na hatimi, wani lokaci da na bincike idan ba ka da lamba. Ka kira ka ji adadin shafukan kafin ka aika, domin kuɗin da bai cika ba yana sa a maido da buƙatar gaba ɗaya. Ka nemi kwafi 2 ko 3 lokaci guda.

Daga Kano ko Yamai ko Kumasi, abin ya fi wuya ta wajen biya da aikowa. Wasu gundumomin na karɓar kati ta intanet, har ma su aiko da kwafi mai hatimin lantarki da lambar tantancewa. Inda ba haka ba, sai ka wakilta ɗan'uwa da ke can. A jihar da fayil ke rufe, zai buƙaci takardar izini daga gare ka wadda notari, wato jami'in da ke tabbatar da sa hannu, ya shaida, kuma ofishin jakadancin Amurka a Abuja da ƙaramin ofishinsu na Legas suna yin wannan aikin in an nemi lokaci. Tambayi magatakardan irin takardar da suke karɓa kafin ka biya. Wajen kira, New York na bayan Najeriya da Nijar da awa 5 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, awa 6 a sauran watanni. Houston da Chicago a ƙara awa 1, Kalifoniya a ƙara 3.

Idan takardar ta iso, duba ta tun a ranar. Shafa yatsa a kan hatimin, na wasu kotuna tudu ne da shi, na wasu tawada ce mai launi, sau da yawa a bayan shafin ƙarshe. Ƙirga shafuka, duba sa hannun alƙali, duba rubutun sunaye. Kada ka cire ƙusar da aka ɗinke shafukan da ita don yin hoto, domin wasu ofisoshin suna ƙin takardar da aka warware.

Idan a gida za a yi amfani da ita

Hatimin gunduma ya isa a cikin Amurka. Don kotu ko ma'aikata a wata ƙasa, ana iya neman ƙarin tantancewa. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 suna karɓar hatimi ɗaya da ake kira Apostille, daga ofishin Sakataren jihar da aka yi sakin. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar, don haka hanyar ta fi tsawo: Sakataren jiha, sannan ofishin tantance takardu na ma'aikatar harkokin wajen Amurka da fom DS-4194, sannan ofishin jakadancin Najeriya a Washington ko ƙananan ofisoshinta na New York da Atlanta. Kafin ka shiga wannan ɗawainiya, tambayi wanda zai karɓi takardar ko yana bukatar duk wannan.

Idan an duba ba a samu ba

Kada a yi saurin yanke hukunci. A sake gwada sunan da wani rubutu, a faɗaɗa shekarun, a duba gundumar da ɗayan ya koma. Akwai kuma dalilan da suka shafe mu kai tsaye. Sakin da miji ya furta ko ya rubuta, ko wanda limamin masallaci ya shaida a can, ba ya shiga rajistar kotu, kuma a dokar jiha bai raba auren da aka yi wa rajista ba. Matsayinsa a addini maganar malamai ce, amma a wurin USCIS auren na nan. Idan kuma tun farko a masallaci kawai aka ɗaura ba tare da lasin aure ba, mai yiwuwa ba a taɓa zuwa kotu ba, kuma ko wannan auren yana da ƙarfi a doka ya danganta da jihar, sai a tambayi lauya. Sakin da aka yi a kotun shari'a a gida ma ba zai fito a gundumar Amurka ba. A kotun da ta yanke shi za a nema, a haɗa da fassarar Turanci mai shaidar mai fassara.

Akwai kuma akasin haka. 'Yar'uwa, idan mijinki na can shekaru ba labari, yana yiwuwa ya raba auren a kotu ba ki sani ba. Kotuna na yarda a buga sammaci a jarida idan mai ƙara ya rantse bai san inda matar take ba, sai a yanke hukunci a bayan idonta. A nan fayil ɗin gaba ɗaya za ki nema, musamman takardar da ke nuna yadda aka ce an kai miki sammaci. Ke ɗaya ce daga cikin masu shari'ar, kina da izinin karɓa ko a New York. Idan abin da ya rantse a kai ƙarya ne, lauyan harkokin iyali a jihar na iya neman a soke hukuncin ko a sake duba haƙƙinki da na yara, kuma irin wannan buƙata tana da wa'adi, don haka ba a jinkirta ta.

Idan an bi duk hanyoyin babu komai, nemi magatakarda ya ba ka wasiƙa mai hatimi da ke cewa an bincika shekara kaza zuwa kaza ba a samu ba. Ka karɓi irinta daga kowace gundumar da mutanen biyu suka zauna, domin kowace wasiƙa gundumarta kawai take shaida.